Sunan da Teburin Ofelia Ya Raɗa wa Doyle

A garin Tolliver ba a binne namiji da sunan da uwarsa ta ba shi kaɗai. Dutsen kan kabari suna biyu yake ɗauka, na baftisma a sama, na teburi a ƙasa, kuma na ƙasan mutane suke karantawa. Teburin kuwa shi ne dogon nan na bakin taga a gidan abincin Ofelia, inda tsofaffin ma'aikatan rijiyoyin mai suke haɗuwa kowace safiya su sha kofi, su ci ƙwai da wake a naɗe cikin gurasa, su jira wani ya yi abin kunya. In ya yi, su raɗa masa suna. Ba a taɓa jin sun ba mutum suna don ya yi abin kirki ba.

Mahaifin Doyle Ragsdale yana saurayi ƙarfen famfon mai ya kama masa ƙafar wando, ya tuɓe shi tsaf, ya dawo gari a bayan mota yana kare mutuncinsa da hula. Bayan wannan ya je yaƙi ya dawo, ya gina wa coci ɗakin karatun yara da hannunsa, ya aurar da 'ya'ya mata huɗu. Da ya rasu aka sassaƙa masa dutse mai kyau: Elmer Ragsdale, a ƙasa kuma, Wando. Doyle yana tsaye a bakin kabarin ya ga fasto yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Nan ya yi wa kansa alkawari cewa shi da sunansa zai shiga ƙasa.

Hanyar tsira ɗaya ce. Ranar da mutum ya yi ritaya sai a jawo masa kujera a teburin, kuma wanda ya zauna ba a ƙara raɗa masa suna. Saura dai ya kai ranar ba tabo, abin da a sanin mutane babu wanda ya taɓa yi.

Doyle ya ɗauki abin kamar ibada. Ƙafar wandonsa kullum a cuse take cikin takalmi. Ba ya rawa a biki, ba ya ɗaga murya a waƙar coci, ba ya juya mota da baya in akwai masu kallo. Da aka ba shi kare, ya kira shi Kare. In ana hira a teburi shi yana kan doguwar kujerar da ke gaban kantar sayar da abinci, inda masu sauran aiki suke zama, sai ya bari kowa ya faɗi ra'ayinsa, sannan ya maimaita na wanda aka fi yi wa dariya. Da haka ya zama gwanin zagin masu kare muhalli, alhali bai taɓa ganin ɗaya ido da ido ba. Matarsa Verna takan ce ta auri turken shinge, amma turke mai dawowa gida da wuri.

Aikinsa zagayen rijiyoyi ne. Ya shiga motarsa da sassafe, ya bi hanyoyin burji tsakanin ƙaya da famfunan da ke ta sunkuyawa suna ɗagowa, ya duba agogon matsi, ya kasa kunne ko wani inji ya sauya murya. Filin man Tolliver tsoho ne. Tun Doyle bai fara aiki ba man ya daina fitowa da kansa, aka riƙa tura masa ruwa. Da ruwa ya gaza aka koma tura iskar kabon, irin wadda take tsirtuwa in an buɗe kwalbar lemo. In ta shiga dutse sai ta saki man da ya maƙale, kamar yadda kananzir yake sakin maiƙo a hannun bakanike, ta koro shi zuwa rijiya. Wani kaso na iskar yakan dawo tare da man a sake mayar da shi, wani kuma ya maƙale a ƙasa. Shekara talatin da wani abu Doyle yana jin manyan kamfani suna kuka da wannan kason da ke maƙalewa, suna kiransa asara, domin iskar daga duwatsun Colorado ake haƙo ta a jawo ta a bututu.

Saura 'yan makonni ya yi ritaya sai aka tara ma'aikata a ɗakin taro. Wata mata ta zo daga babban ofis a birnin Houston, sunanta Kendra Halloran, da takalmi mai tsini wanda bai san burji ba. Ta yi musu albishir cewa daga yanzu iskar ba daga dutse za ta zo ba, daga bakin hayaƙin wata masana'antar taki za a kamo ta. Kason da yake maƙalewa a ƙasa kuwa an daina kiransa asara, sunansa adanawa, kuma gwamnati tana yaba wa duk wanda ya yi.

"Ku ba ma'aikatan mai ba ne kawai yanzu," in ji ta. "Ku ne masu kwantar wa duniya da zazzaɓi."

Wani daga baya ya tambaya, "To, me za mu sauya a aikin, ranki ya daɗe?"

"Babu komai. Ku ci gaba da abin da kuke yi."

"Man fa? Za a rage haƙo shi?"

"A'a, ƙaruwa ma zai yi."

Ɗaki ya kece da dariya. Doyle kaɗai ne bai yi ba, domin yana jira ya ga ko dariyar ta karɓu kafin ya sa baki. Kendra ta hango fuska ɗaya tilo a natse, fuskar da rana ta gasa ta yi zane kamar busasshen tafki, ta ce a ranta ga wanda ya fahimta. Bayan taro ta tare shi a bakin ƙofa, ta ce suna neman mutum ɗaya da za a ɗora hotonsa a babban allon talla na mashigar gari, da koriyar hula mai hoton ganye, yana riƙe da ɗan tsiro a tafin hannu. Doyle dai tun yana ƙarami aka koya masa ba a ce wa mace baƙuwa a'a a tsaye. Ya cire hula ya ce, "To, ranki ya daɗe." Sai da ya shiga mota ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Labari ya riga shi isa gidan Ofelia. Washegari yana shiga sai teburi ya yi tsit, irin shirun kuliyoyi in sun ji motsi a bayan buhu. Shugaban teburin shi ne Buford Lacy, tsoho mai tankin iskar numfashi a gefen kujera, wanda ake kira Amarya saboda ya fi matarsa kuka ranar ɗaurin aurensu.

"Ofelia," in ji Buford, "kawo wa bawan Allah nan ruwan zafi da ganye. Ya daina cin abin da yake da uwa."

"Kofi zan sha, kamar kullum," in ji Doyle.

"Kai, Doyle, an ce kai ne za ka hana ƙanƙarar ƙarshen duniya narkewa. Kai kaɗai, ko da Kare?"

"Aikina nake yi, Amarya. Makunnin da nake murɗawa bara shi nake murɗawa bana."

"Bara ai ɗan mai ne ya murɗa shi. Bana an ce waliyyi ne."

Wani tsoho ya ce a sa masa Latas, wani ya ce Alayyahu ya fi daɗin kira. Daga can ƙarshe aka ce, "Ganye." Kalmar ta zauna a teburin daram. Buford ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Mu ba ma raɗa suna da jita-jita. Sai ido ya gani. In allo ya hau, mu ga hular a kansa, shi ke nan."

A gida ya kasa cin abinci. Verna ta zuba masa ido yana juya cokali a cikin wake.

"Ka ce musu ba ka so mana."

"Na riga na ce to."

"Ni ma na taɓa ce maka to, ga ni nan ina ta fama. Wai me ye a ciki? Ganye ai abu ne mai kyau."

"Verna, Wando ɗan gari ne, hatsari ne ya same shi. Ganye kuwa wanda ya sauya sheƙa ne. A dutse fa za a rubuta. Jikoki za su zo su karanta."

"Jikokinka 'yan boko ne a birnin Austin, su har taɓi za su yi maka."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ya buga wa Kendra waya ya ce shi mummuna ne, hoto ba ya karɓarsa. Ta ce ainihin abin da suke nema ke nan, fuskar gaskiya. Ya ce akwai Eusebio Carrasco, ya fi shi gashin baki. Ta ce Eusebio ya riga ya fito a tallan bara, na kiyaye hatsari. Ya ce yana jin kamar mura za ta kama shi. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ranar Alhamis za su zo.

Alhamis ta zo da zafin da tsuntsu ba ya tashi a cikinsa. Motoci uku suka tsaya a gindin rijiyar da ake tura iska. Ban da Kendra akwai mai ɗaukar hoto, da wani babban darakta mai jar fuska, da ɗan jarida daga garin Odessa da ke kusa, da wani siririn jami'in gwamnati, Mista Penhale, wanda aikinsa shi ne ya shaida cewa iskar da aka tura ƙasa tana nan ƙasa. Yana rataye da wata na'ura mai shinshinar iska a ƙirjinsa.

Aka ɗora wa Doyle koriyar hula, aka ba shi ɗan tsiro a cikin ƙasa mai laima. Kafin mai hoto ya daidaita kyamararsa tsiron ya langaɓe. Aka kawo na biyu, shi ma ya kwanta. Darakta ya yi jawabi a kan jikoki da gobe, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da aka buɗe akwatin ruwan sha aka tarar ƙanƙarar ciki ta zama ruwan wanka. Kendra ta jingina da mota, fuskarta ta yi fari, leɓenta ya bushe. Mista Penhale ya zauna a inuwar taya yana fifita da hularsa.

Doyle ya dube su, tausayi ya kama shi. Ko me suka zo yi masa, baƙinsa ne, a rijiyarsa suke. A bayan motarsa kuwa akwai ƙatuwar kankana daga lambun Verna, wadda ta ɗora masa da safe tana cewa ba a tarbar mutane hannu rabbana. Kankanar ta yi ɗumi kamar jariri. Amma wannan ba matsala ba ce ga ma'aikacin filin Tolliver. A jikin kowane bututun iska akwai ɗan makunni na rage matsi, kuma iskar in ta kuɓuce daga matsi fitowa take da sanyin da ke ƙona fata. Duk wanda ya taɓa zagayen rijiya a nan da ita yake sanyaya lemonsa. Doyle bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abu ba, kamar yadda mutum ba ya lissafa buɗe taga cikin ayyukansa.

Ya yanka kankanar gida-gida, ya zuba a buhun algarara, ya sa safar hannu, ya ɗaura bakin buhun a makunnin.

"Ku ɗan ja baya, ku toshe kunne," in ji shi cikin ladabi. Ya murɗa.

Ƙarar ta yi kamar jirgin sama zai tashi daga cikin buhu. Farin gajimare ya turnuƙe, ya bi ƙasa yana lulluɓe takalman baƙi. Na'urar da ke ƙirjin Mista Penhale ta fara ihu, tana ƙyafta jar wuta. Doyle ya bar makunnin a buɗe yadda ya saba, gwargwadon baiti ɗaya na waƙar coci a zuci, sannan ya rufe. Ya zazzage buhun a kan murfin bayan mota. Kankana ta fito ja wur, da farin sanyi a kanta, tana hayaƙi.

"Bismillanku," in ji shi. "Ku ɗan bari ta huce, kada ta kama muku harshe. Gaskiya wannan sabuwar iskar taku ta fi tsohuwar tsabta, ba ta barin wari ko kaɗan."

Ba wanda ya motsa sai ɗan jarida, wanda yatsansa bai bar kan kyamara ba tun da aka fara. Mista Penhale ya kashe na'urarsa ya miƙe a hankali.

"Malam Ragsdale, sau nawa kake yin haka?"

"Ni kaɗai, ko mu duka?"

Darakta ya yi wani tari. Kendra ta rufe ido.

"Ku duka."

"In ana zafi dai, kullum. Da sanyi kuwa sai in an yi farauta, a adana nama."

"Ka san ita ce iskar da aka ce kana binnewa?"

Doyle ya dubi makunnin, ya dubi gajimaren da ke watsewa a kan ƙaya. Ya san iskar da ke koro mai, ya san iskar da ke sanyaya lemo, ya kuma ji labarin iskar da ke ɗumama duniya. Bai taɓa zama ya haɗa su wuri ɗaya ba.

"Ai 'yar kaɗan ce, yallaɓai," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Zafi dai bai san manya ba. Mista Penhale ne ya fara miƙa hannu. Ya ci yanka biyu a tsaye, ruwan yana bin gwiwar hannunsa, sannan ya goge yatsu ya ce dole a rufe wannan rijiya sai an yi bincike. Darakta ya ci uku.

Cikin mako guda kamfani ya sa kwaɗo a kan kowane makunni a filin, ya kuma fitar da sanarwa cewa iskar da ta fita ba ta taka kara ta karya ba in aka gwada da wadda aka adana. Ba a gwada ta da man da aka haƙo ba, domin ba wanda ya tambaya. Allon mashigar gari ya hau da hoton wani kyakkyawan mutum da aka ɗauko haya daga Dallas, wanda bai taɓa taka filin mai ba, yana riƙe da tsiron roba. Aka kira Doyle aka ce tunda ritayarsa ta kusa, ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakin ajiyar kaya. Abokan aikinsa, da suka koma shan lemo mai ɗumi, suka daina gaishe shi. Duk wannan bai dame shi ba. Allo ya hau ba da fuskarsa ba. Ya yi barci har da munshari.

Ranar Lahadi jaridar Odessa ta fito. Ga Doyle a shafin farko, tsaye cikin farin gajimare kamar wanda ya sauko daga sama, yankan kankana a hannu, koriyar hula a ka, ganyen da ke jikinta ya fito sarai har da jijiyoyinsa.

Litinin da safe ya tarar an manna shafin a jikin tagar Ofelia. Teburi ya rabu biyu, har ana buga cokali.

"Ido ya gani!" in ji ɓangare ɗaya. "Ga hula, ga ganye. Ganye ne!"

"Ku dubi hannunsa, makafi! Mutumin da ya kashe wa kamfani biki da kayan lambu? Kankana ne!"

Doyle ya matsa kusa da Buford. "Amarya, don girman Allah. Ranar Juma'a fa zan ajiye aiki. Shekara nawa ban taka kowa ba."

"Shi ya sa muke ta jiranka, ɗan Wando. Ka san yadda ka gajiyar da mu? Alhamis za mu yanke."

Ya koma gida ya zauna a baranda, Kare a gindinsa. Zancen shiga ƙasa da suna ɗaya ya ƙare, wannan ya gane. Abin da ya rage shi ne wanne. Kankana wawa ne, amma wawan gida, wanda za a iya binnewa kusa da Wando ba a ji kunya ba. Ganye kuwa bare ne har abada.

"To ka je ka ce musu Kankana kake so," in ji Verna daga bakin ƙofa.

"In suka san ina so, ɗayan za su ba ni."

"Ashe ka san abin yi."

Ya ɗago ya dube ta. "Ƙarya ke nan fa, Verna."

"Shekara talatin kana dariyar abin da bai ba ka dariya ba, yau ne za ka ji tsoron ƙarya?"

Ranar Alhamis Doyle ya shiga gidan Ofelia, ya wuce kujerarsa ta gaban kanta, ya tsaya a gaban teburi, abin da bai taɓa yi ba. Da gangan ya sa koriyar hular. Ya ce ya yi tunani, in dai dole ne, shi Ganye bai dame shi ba, har ma ya fara jin daɗinsa, jikokinsa sun ce ya dace da shi. Sai ya sa hannu a ƙirji.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada ku ce Kankana. Matata ce ta shuka ta, abin zai taɓa ta. Duk wanda ya kira ni Kankana, na rantse sai mun hau sama mun faɗo."

Muryarsa ta yi rawa, domin tsoro na gaske yake ji, sai rawar ta taimake shi. Tsofaffi suka dubi juna, idanunsu suna ƙyalli. Ofelia, wadda take zuba kofi, ta dube shi ta gefen ido ta daɗe, sannan ta juya ta shiga kicin. Buford ya ja iska daga tankinsa, ya buga teburi da tafin hannu.

"Masu cewa Kankana?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da na waɗanda suka ƙirƙiro Ganye. Doyle ya fizge hular ya jefar a ƙasa, ya fita yana buga ƙofa. Sai da ya sha kwanar coci ya tsaya da mota, ya kifa goshi a kan sitiyari, ya yi ajiyar zuciya.

Ranar Asabar ya zo ba kayan aiki a jikinsa. An jawo masa kujera tsakanin Buford da taga. Daga nan ana hango titi, da motocin samarin da ke tafiya filin mai, kowanne da akwatin ƙanƙara a baya yanzu. Ɗaya daga cikinsu ya zo juyawa da baya ya daki kwandon shara, sai Doyle ya ji wuyansa ya miƙe tare da na sauran.

"Kankana," in ji Buford, bai ko dube shi ba, "miƙo sukari."

Doyle ya ɓata fuska yadda ya kamata, ya miƙa.